Ƙannena, Ayar Waya Ba Ta Isa Ba

Ƙannena maza da mata masu bin Almasihu a ƙasar nan ta Sudan, na Gadarif da Kasala da Bur Sudan, da waɗanda suka fara komawa Hartum da Madani, salama ta Ubangiji ta tabbata gare ku. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan faɗe ta. Mun watsar da zaman karatun Littafi Mai Tsarki tare, mun musanya shi da ayar da ake turowa a WhatsApp da sassafe, mai hoton fure a bayanta. Mutum ya duba, ya rubuta "Amin", ya tura gaba, ya gama da Maganar Allah ke nan sai gobe. Ban ce ayar laifi ba ce. Amma wanda ya lashi miya a bakin ludayi bai ci tuwo ba, kuma yunwar za ta nuna a jikinsa ranar da aiki mai nauyi ya taso.

Na san uzurin da za a kawo mini, kuma ba ƙarya ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 komai ya tarwatse. Majami'u da yawa a Hartum da Bahri da Umdurman an rufe su, wasu an lalata. Fastoci da dattawa kowa ya kama gabansa da iyalinsa, wasu Masar, wasu Juba, wasu sun koma gida. Dama can mu 'yan kaɗan ne. Hausawan Sudan galibinsu Musulmi ne, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Mu masu jin Hausa da ke bin Almasihu, waɗanda neman abinci ko karatu ko aure ya kawo daga Filato da Kaduna da Gwambe da Maraɗi, ba mu da yawa a kowane gari. Ga Lahadi ranar aiki ce a nan, ga wuta ba ta zama, ga gajiya. Duk na yarda. Sai dai wannan uzurin da kuke kawowa, ni shi ne hujjata. Lokacin da fasto yake nan, ana wa'azi kowane mako, ana makarantar Lahadi, rago ma yana tsira da abin da kunnensa ya tsinta. Yanzu da babu mai ɗura mana, in ba mu haɗu mun buɗe Littafin da kanmu ba, wa zai buɗe mana?

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 8, daga aya 26. Mutumin da ake ba da labarinsa a can ɗan ƙasar nan ne. Ma'ajin sarauniya Kandakatu ne, kuma wannan sarauta ta Marawi ce, inda dalolin nan suke a Bajarawiya, arewa da Shandi, a kan hanyar Atbara. Har yau 'yan Sudan in za su yabi mace jaruma sai su ce mata kandaka. To, wannan mutum babba ne, dukan baitulmalin sarauniya yana hannunsa. Ya iya karatu, yana da kwafin Ishaya nasa na kansa a zamanin da ake rubuta littafi da hannu, ya yi doguwar tafiya har Urushalima don sujada. Ba za a ce masa rago ba, ba kuma jahili ba. Yana zaune a karusarsa yana karantawa da murya, sai Filibus ya matso ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa. Da ɗayanmu ne, da wuya bai ce "ƙwarai kuwa" ba, don kada a raina shi. Shi kuwa ya ce ina zai iya in ba wani ya bi da shi ba, ya roƙi Filibus ya hau su zauna tare. Sa'an nan ya yi tambayar da ta buɗe masa ƙofa: annabin nan, kansa yake nufi ko wani? Daga wannan tambaya aka kai ga Yesu, aka kai ga ruwan baftisma, ya ci gaba da tafiyarsa yana murna. Ku lura, Allah yana da ikon bayyana masa ma'anar a mafarki. Bai yi haka ba. Mutum ya aiko masa, ya zauna kusa da shi.

Abu na biyu da nake so ku sani ya fi wannan nauyi, domin ƙasar da muke takawa shaida ce. A ƙarni na 6 bishara ta shiga masarautun Nuba uku na bakin Nilu: Nobatiya a arewa, Makuriya mai hedikwata a tsohuwar Dungula, da Alwa wadda babban birninta shi ne Soba, nan gefen Hartum. Kusan shekara dubu ana sujada ga Almasihu a wurin. Suna da bishof-bishof, suna da manyan majami'u, sun fassara sassan Littafi da harshensu. Zanen bangon majami'ar garin Faras na Nobatiya da masu haƙa daga Folan suka tono tsakanin 1961 da 1964, aka ajiye wani kashi a gidan tarihi na Hartum, ya isa ya nuna irin ƙarfin da ikkilisiyar ta yi. Yau Soba ta dā kufai ce. Dalilan suna da yawa, akwai yaƙe-yaƙe, akwai rushewar sarauta, akwai yankewar hanya tsakaninsu da Iskandariya inda ake naɗo musu shugabanni. Amma akwai wani labari da ke sosa mini rai. Wani firist ɗan Fotugal, Faransisko Albares, da ya zauna a Habasha daga 1520 zuwa 1526, ya rubuta cewa mutanen Nuba sun aiko jakadu wurin sarkin Habasha suna roƙon a ba su firistoci da za su koya musu, ba a kuwa ba su ba. Mutane ne da ba su ƙi bangaskiyar ba, suna sonta, amma masu koyarwa sun ƙare, talaka kuma bai saba riƙe Littafin da hannunsa ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ku gwada wannan da abin da ya faru a 1964, da gwamnatin wancan lokaci ta kori 'yan mishan na waje daga kudancin ƙasar. Ikkilisiya ba ta mutu ba, ƙaruwa ma ta yi, domin an bar masu bishara da malamai 'yan ƙasa da suka iya buɗe Littafin su karanta wa 'yan'uwansu a ƙarƙashin itace. Ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) da ta sauka Wase ta Filato a 1904 ita ce ta kai Haiban a duwatsun Nuba a 1920, saboda haka 'yan'uwanmu Nubawa da muke haɗuwa da su a sujada tushenmu ɗaya da su. Ku tambaye su yadda iyayensu suka riƙe bangaskiya a cikin kogo ana ruwan bama-bamai, za ku ji ba da aya ɗaya-ɗaya suka yi ba.

Bari in nuna muku abin da zaman tare yake yi, wanda waya ba ta yi. Babu ayar da aka fi turowa tun da aka fara yaƙin nan kamar Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake yi mana, na alheri ne ba na masifa ba. Wata rana da yamma muna zaune a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, a gidan wani ɗan'uwa a Gadarif, an shimfiɗa tabarma, masu tsufa suna kan angarib, gadon igiya, shayi yana kan gawayi, sai muka ce yau surar za mu karanta tun daga farko. Muna kaiwa aya 10, wata ƙanwarmu da ta gudo daga Madani da 'ya'yanta ta ɗaga hannu ta ce, "Yaya, dakata. Shekara saba'in aka ce?" Aka ce haka aka rubuta. Ta ce, "Ashe waɗanda aka aika wa wasiƙar, yawancinsu a can Babila za su mutu." Wuri ya yi tsit. Wani yaro da ke aikin yankan riɗi ya ce to ina alherin yake? Muka koma aya 5 zuwa 7, inda aka ce wa 'yan bauta su gina gidaje, su yi lambuna, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Wani dattijo ya ce mu leƙa sura 28, muka ga Hananiya, annabin da ya yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara biyu komai zai ƙare, ya karya karkiyar da ke wuyan Irmiya a gaban mutane, bai kuwa ga ƙarshen shekarar ba. Ba wanda ya ambaci sunan kowa, amma duk wanda ke wurin ya tuna da masu annabcin Facebook da TikTok da suke sa wa yaƙin nan rana, ranar ta wuce su sa wata, suna kuma ajiye lambar asusu a ƙasa. Matar nan ta tashi da alkawarin da ya fi wanda ta zo da shi wuyar haɗiya, amma shi ne na gaskiya, kuma ba zai karye mata a hannu ba in wata ya wuce ba ta koma gidanta ba. Ni kaina na sha karanta surar, ban taɓa tsayawa inda ta tsayar da mu ba. Dole sai wadda ta bar ɗakinta da kayanta ce za ta ga wannan.

Littafin ma ai don a karanta shi cikin jama'a aka rubuta. Bulus ya ce wa Kolosiyawa in an karanta wasiƙarsa a wurinsu a kai wa na Lawudikiya su ma a karanta musu. A Nehemiya 8, Ezra yana karantawa, Lawiyawa suna bi suna bayyana ma'ana. Mutanen Biriya an yabe su don kowace rana suna bin Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa! Balle wani mai kwat da makirfo da ba ku san inda yake kwana ba.

Yanzu ga abin da nake roƙonku. Kada ku jira sai kun cika ɗaki, Ubangiji da bakinsa ya ce biyu ko uku. Juma'a da Asabar hutu ne, ku zaɓi ɗaya ku tsayar da lokaci, da rana tsaka ko bayan la'asar, yadda kowa zai isa gida kafin duhu da shingayen bincike. Ku ɗauki littafi guda ku bi shi daga farko har ƙarshe, ban da tsalle-tsalle. Markus sura 16 ne kawai. Filibiyawa 4 ne, daga kurkuku aka rubuto shi. Bitrus ta fari kuwa ga baƙi da ke warwatse a ƙasashe aka aika ta, kamar da mu ake. A karanta da murya, kowa ya karɓi rabonsa. Yaranmu da aka haifa a nan sun fi sakewa da Larabci, to a ajiye fassarar Larabci ta Fandaik, wadda aka kammala a Beirut a 1865, kusa da ta Hausa, wadda cikakkiyarta ta fara fitowa a 1932. Wanda ba ya karatu ko ɗaya, kunnensa ya isa, kuma sau da yawa tambayarsa ta fi ta masu digiri kaifi.

Sai kuma in ja kunnen wasu. Kai da ka taɓa zuwa makarantar Littafi, ko Allah ya ba ka baki, zaman nan ba mumbarinka ba ne. In ka yi magana rabin lokacin, ka kashe shi. Yi tambaya ka yi shiru, ko shirun ya yi tsawo. In an tambayi abin da ya fi ƙarfinku, ku rubuta shi, ku aika wa fasto ko dattijon da kuka amince da shi duk inda yake, a nan ne wayar take da amfani. Ku mata, kada ku maƙale a wurin murhu kuna haɗa shayi ana karatu babu ku. Afolos gwanin magana ne, masanin Nassi, amma Bilkisu da mijinta Akila ne suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. A dafa shayin kafin a fara, ko maza su ma su taɓa. Kuma don Allah a bar gardamar wane ɓangare ne ke da gaskiya a yaƙin nan a bakin ƙofa. Kowa a cikinmu ya yi rashi, zuciya ɗanya ce, kalma ɗaya ta isa ta raba zumuntar da aka daɗe ana ginawa. Abin da ɗan'uwa ya faɗa a zaman na damuwarsa ko na zunubinsa, a nan ya tsaya. Kada a ɗauki hoto, kada a sa sunan mai gida a intanet.

Game da maƙwabtanmu Musulmi, musamman 'yan'uwanmu Hausawa da suka ba da yawa daga cikinmu ɗaki da abinci lokacin gudu ba su tambayi addininmu ba: ku sanar da mai unguwa ko mai gidan da kuke haya abin da kuke yi, ku sassauta murya, kada lokacinku ya ci karo da na sallarsu. Ba don shirya musu da kowa muke karatu ba. In ma da abin dubawa, ku dubi yadda yaransu suke dafifi a halwa, wato makarantar allo, tun asuba, da yadda magidanci mai furfura yake durƙusawa gaban malami da littafi suna bi layi-layi, shekara da shekaru, bai ce ya girma ba. Wannan naci abin koyi ne.

Na san kaka ta kusa, da yawanku za ku fita gonakin riɗi da dawa, ku yi makonni ba ku shigo gari ba. Kafin ku tafi ku sauke Littafin a waya yadda zai buɗe ko babu intanet, ko ku ɗauki Sabon Alkawari ƙarami a jaka. Ku nemi sanin wa da wa za ku faɗa gona ɗaya, ku yi alkawari tun daga gida cewa bayan an ci abincin dare za ku karanta sura guda tare, ko da fitilar waya ce. Waɗanda suka rage a gari kuma kada su ce sai an dawo. Ku fara Markus sura 1 ranar Juma'ar nan, wanda yake da Littafi biyu ya zo da su duka.