Raƙumi Marar Akala

Teburin mai shayi ne a bakin tashar Wadata, a Yamai, da hantsi. Mai shayin Ba'adare ne, mutumin Tawa, irin waɗanda ba sa mance dala guda ko da ta shekara a hannunka. Mushe, tsohon malamin lakwal, yana gefe da rediyonsa. Bazabarme ya sauka daga motar Doso, ya baje ƙosansa a takarda. Sai ga Bagobiri da sabuwar igiya fil a kafaɗa.

BAGOBIRI: Salamu alaikum. Mushe, an tashi lafiya? Ba'adare, haɗo mini mai kauri, kada ka ji tsoron madara. Jama'a, wace mota ke zuwa Kure?

BAZABARME: Kai bawana, me ka ajiye a garinmu?

BAGOBIRI: Au, ashe da bawana a wurin. To buɗe kunne. An ce mini raƙuma fiye da 600 na yawo a dajinku, ba akala, ba makiyayi, ba ko shaidar wuta a cinya. Na ce lalle Zabarmawa ba su san dukiya ba. Shi ne na sayo igiya.

MUSHE: Raƙuman dawa ake nufi, ɗana.

BAGOBIRI: To da ma raƙumi a ɗaki yake kwana? Kowane raƙumi na dawa ne, Mushe. Ni ɗaya nake so, mai ɗaukar buhun gero huɗu.

BAZABARME: Buhu huɗu! A ina za ka ɗora? Bayansa gangare ne kamar rufin kwano. Ka aza kaya a kafaɗa, ka tsince su a wutsiya.

BAGOBIRI: Sai in gurfanar da shi in ɗaure tamau.

MUSHE: Ba ya gurfana wa kowa. Namiji yakan kai mita 5. Uwar ma a tsaye take haihuwa, bayan ta yi wata 15 da ciki, ɗan ya faɗo tim daga sama, kafin awa guda ya miƙe yana bin ta.

BAGOBIRI: Ka ji ɗan halak! Nawa ɗan shekara ashirin ne, har yau uwarsa ke tashinsa da safe.

MAI SHAYI: Shayi dala talatin, burodi dala ashirin.

BAGOBIRI: Ina sane. Kai bawana, tun da ba mai su, me ya hana ka kama ɗaya?

BAZABARME: Wa ya ce ba mai su? Taɓa ɗaya ka ga masu su. Kafin ka kai gida ma'aikatan gandun daji sun riga ka isa, da jandarma a bayansu. Ni da kake gani, bara na sha wahala na roro wakena, na ɗora shi da harawar a kan rumfa don kada awaki su taɓa. Rumfa mai tsawo, sai da tsani nake hawa. Da asuba na fito alwala, sai na ga wani kai a sama da rufin ɗakina, da ƙahoni biyu gajeru masu gashi, yana tauna a hankali kamar mai gari na cin goro. Ya zaro harshe baƙi-baƙi, ya kusa kamu guda, ya naɗe dami ya ja. Ashe a faranti na ɗora wa baƙo.

BAGOBIRI: Ba ka kore shi ba?

BAZABARME: Na ce "kai!" Ya leƙo ni daga sama da waɗannan idanu masu dogon gashi, kamar amarya ta sha kwalli. Ya kalle ni, ya kalli butata, ya ci gaba da karin kumallonsa. Da ya ƙoshi ya wuce gonar maƙwabcina, wajen mangwaro.

MUSHE: Haƙuri za ku yi. Su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. Da can daga Senegal har tafkin Chadi ana ganinsu. Farauta da fari da saran daji suka cinye su, a 1996 da aka ƙirga 49 kacal aka samu. Ga su nan kilomita 60 daga inda muke zaune, da damina suna kan tudun Kure, da rani su gangara Dallol Boso wajen gawo, tun da shi gawo da rani yake ganye.

BAGOBIRI: Tsaya, Mushe. Ƙirga su ake yi?

MUSHE: Ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki hotonsa ta dama, a ɗauka ta hagu. Kowane da zanen jikinsa, ba biyu da suka yi daidai.

BAZABARME: Kamar Gobirawa ke nan. Sai dai su nasu zanen ya yi musu kyau.

BAGOBIRI: Bar ni da wannan bawa, zan dawo kanka. Mushe, ni sau uku ina zuwa neman katin ɗan ƙasa, ana ce mini in dawo jibi. Shi wannan har daji ake bin sa da hoto? Nawa yake biya?

MUSHE: Ko dala.

BAGOBIRI: Haraji fa?

MUSHE: Babu. A 2018 ma an ɗebi 8 daga cikinsu a babbar mota, aka kai su gandun Gadabeji, can wajen Dakwaro, a jiharku ta Maradi. Tafiyar fiye da kilomita 800, da likitocin dabbobi, da rakiya, ana tsayawa ana miƙa musu ganye.

BAGOBIRI: La ilaha illallahu! Ta gabana suka wuce ke nan! Ni da na taho daga Tsibiri, mu huɗu a kujerar mutum biyu, da akuyar wani a kan cinyata, ba wanda ya miƙa mini ko ganyen zogale. Kuma sai da na biya.

MAI SHAYI: Nan ma sai ka biya. Dala hamsin.

BAGOBIRI: Ba'adare, ana ga doki kana ga ƙura. Maganar gwamnati muke yi.

Nan Mushe ya rage muryar rediyo. Duk wanda ya san Mushe ya san in ya rage rediyo, darasi bai ƙare ba.

MUSHE: Ai ba dabba kaɗai ba. Ka shiga gidan tarihi na Boubou Hama ka ga Itacen Tenere. Ita kaɗai ce a tsakiyar hamada, kusan kilomita 400 ba wata itaciya, ayarin gishiri da ita suke gane hanya. A 1973 wani direba ya banke ta.

BAGOBIRI: Duk faɗin Tenere?

MUSHE: Duk faɗin Tenere.

BAGOBIRI: Wannan shi ya kawo ni jiya, na gane tuƙinsa.

MUSHE: Aka kwaso gawarta aka kawo Yamai, aka gina mata rumfa ta kanta. Can inda take kuma aka kafa ta ƙarfe.

BAGOBIRI: Busasshen icce ya sami ɗaki a Yamai, ni kwana biyu ina shimfiɗa kwali a tasha. Mushe, don Allah gaya mini gaskiya, ƙashi nawa ne a wuyan raƙumin nan?

MUSHE: 7.

BAGOBIRI: Nawa wuyan fa?

MUSHE: Shi ma 7. Nasa ne dai dogaye.

BAGOBIRI: Alhamdu lillahi. Wuya bakwai, ga zane, ga zama a ƙasar Zabarmawa ba gayyata. Me ya rage? Ku shaida, daga yau ni raƙumin dawa ne.

Ya ajiye igiya, ya haye benci, ya miƙa wuya, ya sunkuyo ta saman kan Bazabarme ya ɗauke ƙosai biyu.

BAZABARME: Kai! Kai! Ƙosaina!

BAGOBIRI: Wake ne ko ba wake ba? Waken Bazabarme kuwa abincinmu ne. Taɓa ni ka ga jandarma.

MAI SHAYI: Raƙumin dawa ba ya shan shayi da madara.

BAGOBIRI: Tun kafin in zama na sha. Ka bi wancan mutumin bashi, in ka gan shi.

BAZABARME: To madalla. Can Kure ba a ganin raƙumi sai da ɗan rakiya, kuma biya ake yi. Ni ne ɗan rakiya. Jama'a, ku matso! Ga wanda ya ɓato daga garke, kallo dala biyar, hoto dala goma! Ba'adare, riƙe kuɗin, ka cire naka.

Yaran tasha da 'yan kabu-kabu suka taru. Har wata mai fura ta sauke ƙwaryarta.

WANI YARO: Baba, wannan ai gajere ne.

BAZABARME: Na fari ne, bai sami damina ba.

MUSHE: Ni ban yarda ba tukuna. Na gaske in zai sha ruwa, sai ya tale ƙafafun gaba, ya kai baki ƙasa, ba ya sa hannu.

MAI SHAYI: Ga ruwan wanke kofi.

BAGOBIRI: Abu mai sauƙi. Ku ja baya.

Ya sauko, ya tale ƙafa ɗaya gabas, ɗaya yamma. Ya ƙara talewa. Bakinsa saura kaɗan ya kai bokiti, sai wando ya ce ɓarrr, tun daga gaba har baya.

BAZABARME: Hoto ya koma dala ashirin! Ta dama da ta hagu!

BAGOBIRI: Mushe, miƙo mini igiyar nan in ɗaure.

MAI SHAYI: Igiya tana hannuna. Saura dala goma sha biyar.