Nanterre: Wa ya kawo "baƙin" da ake zagi?

Makon jiya wani ya sake turo mana tsohon bidiyon motocin da aka ƙone a Nanterre a 2023, a wani zaurenmu na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa wai "baƙin haure sun cinye Faransa". Abin ya ci mini rai, domin maganar Bruno Retailleau ce aka sa wa rigar Hausa. Shi ne ɗan majalisar dattawan da ya fito a Yulin 2023, bayan ɗan sanda ya harbe Nahel, yaro ɗan shekara 17, a Nanterre har tarzoma ta ɓarke, ya ce 'ya'ya da jikokin baƙi suna komawa ga asalin ƙabilarsu. A Satumban 2024 aka ba shi ministan cikin gida. Shi ɗan siyasa ne, ƙuri'a yake nema. Mu kuma me ya kai mu tallata masa hajarsa?

Duk wanda zai yi magana kan mutanen Nanterre, ya fara tambayar yadda aka yi suka zo.

Garin yana bakin kogin Seine, yamma da Paris, kuma ya daɗe yana ƙauyen manoma. Masana'antu ne suka mayar da shi birni: kamfanin takarda a bakin ruwa, da kamfanin motoci na Simca wanda ya kafu can a shekarun 1930. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Faransa na neman hannaye ruwa a jallo don sake gina ƙasa, sai ta juya ga Aljeriya, wadda a lokacin doka ke lissafa ta a matsayin yankin Faransa. Mutanen nan da takardun Faransa suka shigo, ba ta ɓarauniyar hanya ba. A 1954 mazauna Nanterre kimanin 53,000 ne, zuwa 1962 sun haura 83,000. Yau sun kusa dubu ɗari.

An ba su aiki, ba a ba su makwanci ba. Sai suka tattara kwano da katako da kwali suka kafa bukkoki a filayen da ba kowa. Mafi girman waɗannan unguwanni ita ce La Folie, inda dubban mutane ke layi a famfo guda. Babu wuta, babu magudanar ruwa, kuma gaba ɗayansu adireshi ɗaya gidan waya ya san su da shi: lamba 127, titin La Garenne. Da an yi ruwa wurin ya zama taɓo, yaro ya isa makaranta takalminsa ya riga ya tona inda ya kwana. A nan ubannin da suka haƙa hanyoyi suka haɗa motocin Faransa suka yi renon 'ya'yansu, suna hangen gine-ginen La Défense, unguwar manyan ofisoshin kamfanoni, na tashi a gabansu.

Daga waɗannan bukkoki ne dubbai suka fita ranar 17 ga Oktoban 1961, maza da mata da yara, babu ko sanda a hannunsu, don ƙin dokar hana fitar dare da shugaban 'yan sandan Paris, Maurice Papon, ya ɗora wa 'yan Aljeriya kaɗai. An tare su a gadar Neuilly. An kama kusan mutum 12,000, an kashe gommai, an jefa wasu cikin wannan kogi na Seine. Hukuma ta ce mutum uku suka mutu. Sai a 2012 shugaban Faransa na lokacin, François Hollande, ya amsa cewa an zubar da jini, a 2021 kuma magajinsa Emmanuel Macron ya je bakin gadar Bezons ya ce laifi ne da ba shi da uzuri. Shekara sittin kafin a faɗi abin da kowace tsohuwa a Nanterre ta sani.

Da aka rushe bukkokin a farkon shekarun 1970, an kwashe iyalai da dama zuwa gidajen "wucin gadi", wasu suka shafe fiye da shekara goma a ciki. Kafin a gama tsugunar da su masana'antun sun fara rufewa. Wato an kira uba don aiki, ɗa ya taso ya tarar aikin ya ƙaura.

Masu cewa talauci ba hujjar ƙona makaranta ba ne, babu wanda ya ce hujja ce, kuma ba wannan ake gardama a kai ba. Gardamar ita ce su wane ne yaran. Ministan cikin gida na lokacin, Gérald Darmanin, wanda ba wanda zai zarge shi da sassauci, shi da bakinsa ya ce kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka kama a tarzomar 2023 'yan ƙasar Faransa ne. A can aka yanke musu cibi, a makarantun gwamnati suka yi karatu, da yawansu Faransanci ne kaɗai harshen da suka iya sosai. Wane asali za su koma? Kiran su baƙi dabara ce ta kawar da kai, don kada a tambayi gwamnati abin da ta shuka. Kuma abin takaici ne a ji ɗan Nijar ko ɗan Najeriya, wanda kakanninsa suka ɗanɗani mulkin mallaka, yana maimaita ta.

Idan da gaske gyara ake so, a sake duba dokar 2017 da ta sassauta wa 'yan sanda harbin motar da ta ƙi tsayawa. A 2022 kaɗai mutum 13 suka mutu ta wannan hanya. A kuma koya wa yara tarihin La Folie a aji, da sunanta.

A kan filin da bukkokin suka tsaya aka gina hedikwatar gwamnatin yankin Hauts-de-Seine. Kusa da wannan gini aka harbe Nahel da safiyar 27 ga Yunin 2023.