Kowa jikan sarki ne, to su wa maƙera suka haifa?

Ka tambayi mutum asalinsa, nan take zai ce maka daga gidan sarauta kakansa ya fito, ko kuma malami ne da ya karɓo tuta a hannun Shehu. Har yau ban ji wanda ya bugi ƙirji ya ce kakansa majemi ne, ko bawa ne da aka 'yanta ba. Su ba su haihu ba ne?

Mu dai ba ma tuna asali sai an zo neman aure, ko rabon gona ya kai gaban alƙali, ko ana gori. Alhali hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa ya yi mu san nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi.

Ku dubi unguwannin cikin birnin Kano: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus suka sauka. Wangarawa tun zamanin Sarki Yaji suka iso daga Mali. Yau jikokinsu duk Kanawa ne, wasunsu ma su ne kan gaba wajen ce wa wani baƙo.

Ga kuma waɗanda suka fita. Fataucin goro ya kai kakanninmu Gwanja, suka kafa zango a Salaga da Kumasi. Da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya wuce da jama'a har Sudan, garin da suka zauna a bakin kogin Nilu sunansa yake amsawa har gobe. Gida nawa ake cewa "wane ya tafi Gabas bai dawo ba", a bar maganar a nan? Ƙila jikokinsa na can, da Hausarsu a baki.

Akwai takardu a Gidan Arewa da ke Kaduna, amma da wuya ka ga sunan kakarka a ciki. Yana wajen goggon nan ta ɗakin ƙurya da ba a shiga wurinta sai gaisuwar sallah. Ita ta san dalilin da tsagen Gobirawa ya shigo gidan Katsinawa, ta san wanda aka ba wa riƙo, ta san wa ya sha nonon wa. A kai mata goro, a kunna waya ana ɗauka, in ta shiga kirarin gidan kada a katse ta. A fara da zancen nonon nan, don shi ne ke raba aure bayan an yi 'ya'ya.