Wa Ya Je Yaƙin, Wa Ya Yi Fim Ɗinsa?

A ƙofar gidan kawuna akwai majalisar da ke zama bayan sallar isha'i, ta dattawa huɗu, wani lokaci biyar, waɗanda suka yi samartakarsu a zamanin da sinimomin Kano irin su Rex da Palace da Plaza suke nuna fim ɗin kaboyi ko na yaƙi a wannan dare, na Indiya a wancan. Idan hirar siyasa da ta tsadar hatsi ta ishe su, sai su koma kacici-kacici a kan waɗannan finafinai. Wannan ya tambayi sunan yanka na John Wayne, wancan ya amsa da cewa Marion Morrison, a kwashe da dariya domin sunan ya yi kama da na mata. Wani ya ce a faɗa masa fim ɗin da Lee Van Cleef ya fara fitowa a ciki, a ce masa High Noon na 1952, a ƙara masa da cewa ko kalma ɗaya bai furta ba tun daga farko har aka harbe shi. Ni dai gefen tabarma nake zama, kuma saboda wayar da ke hannuna suka naɗa ni alƙali, duk sanda gardama ta yi tsami sai kawu ya ce, "Kai ɗan nan, duba mana a na'urarka."

Ina jin daɗin wannan hira ƙwarai, amma na lura cewa tambayoyin ba darajarsu ɗaya ba. Akwai wadda idan an amsa ta sai a ce "ashe!" a wuce, kamar sunan doki ko shekarar da fim ya fito, akwai kuma wadda idan mutum ya ji amsarta ba zai sake kallon fim ɗin da idon da ya saba ba. A ganina tambayar da ta fi kowace amfani a wannan fanni ita ce wadda dattawan nan ba su cika yi ba, wato a cikin 'yan wasan da suka sa kakin soja a gaban kyamara, wane ne ya taɓa sa shi a inda ake harbi da harsashi na gaske. Harshenmu ma yana taimakawa wajen ruɗa mu, tunda kalmar jarumi ɗaya muke ba wanda ya tsaya a fagen daga da wanda ya tsaya a gaban darakta.

Wani dare kawu ya yanke hukunci cewa John Wayne tsohon soja ne. "Da ganin tafiyarsa ka san ya sha fareti," in ji shi. Sai da na yi gyaran murya kafin na ce, "Kawu, a gafarce ni, amma mutumin nan bai taɓa shiga soja ba." Lokacin da Japan ta kai hari Pearl Harbor a watan Disamba na 1941 yana da shekara 34 da 'ya'ya huɗu, saboda haka aka ɗage masa kiran aikin soja a matsayin mai ɗawainiyar iyali. Ga shi kuma tauraronsa bai daɗe da fara haskawa ba, domin ya shafe kusan shekara goma yana ƙananan finafinan kaboyi masu araha kafin darakta John Ford ya sa shi a Stagecoach a 1939, kuma kamfanin Republic da yake yi wa aiki ba ya son rabuwa da shi. Iyakar abin da ya yi shi ne rangadin nishaɗantar da sojoji a sansanonin yankin Pasifik. Duk da haka, shi ne ya zama fuskar sojan Amurka a idon duniya, musamman bayan Sands of Iwo Jima na 1949.

Ford bai taɓa yafe masa wannan ba. Shi Ford ya shiga rundunar sojan ruwa, yana tsibirin Midway a watan Yuni na 1942 riƙe da kyamara lokacin da jiragen Japan ke ruwan bama-bamai, har ɓaraguzai suka ji masa rauni a hannu. Da ya zo yin They Were Expendable a 1945, sai aka rubuta muƙamin soja a gaban sunansa da na ɗan wasa Robert Montgomery a jerin sunayen fim ɗin, aka bar na Wayne tsirara babu komai. Wanda ya san gori ya san wannan gori ne.

A ɗaya gefen ga James Stewart, dogon siririn nan mai magana kamar yana in'ina, wanda babu wanda zai dube shi ya ce mayaƙi ne. Ya karɓi kyautar Oscar a watan Fabrairu na 1941, a watan Maris ya shiga soja a matsayin kurtu, wata tara kafin ƙasarsa ta shiga yaƙin, bayan da farko an ƙi ɗaukarsa saboda nauyinsa bai kai ba. Ya tuƙa jirgin B-24 mai jefa bama-bamai daga sansaninsu a Ingila, ya fita kai hari sau 20 a kan Jamus da ƙasashen da ta mamaye, ya gama yaƙin yana Kanar, a 1959 kuma ya zama Birgediya Janar a rundunar ko-ta-kwana ta sojan sama. Da ya dawo Hollywood ya hana a yi tallar finafinansa da tarihin yaƙinsa, kuma da wuya a ji ya ɗauko zancen a hira da 'yan jarida. Wanda ya kalli finafinan kaboyin da ya yi da darakta Anthony Mann tun daga Winchester '73 na 1950 zai ga wani fushi da rawar jiki a fuskarsa waɗanda babu su a finafinansa na kafin yaƙi, kuma ni dai ban yarda cewa duka ƙwarewar wasa ce ba.

Na uku shi ne Lee Marvin, wanda dattawan majalisarmu suka sani a matsayin bos mai baƙar zuciya kafin daga baya ya jagoranci fursunoni a The Dirty Dozen na 1967. Shi kam sojan kundumbala ne na rundunar Marines, an harbe shi a tsibirin Saipan a watan Yuni na 1944, harsashin ya lalata masa babbar jijiyar da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ya yi sama da shekara guda yana jinya.

Abin da ya sa na jero mutanen nan uku shi ne Ford ya haɗa su a fim ɗaya a 1962, The Man Who Shot Liberty Valance. A labarin, Stewart lauya ne da bai iya riƙe bindiga ba, garin gaba ɗaya ya ɗauka shi ya kashe ɗan ta'addan da ya addabi mutane, wato Marvin, sunan da ya samu daga nan ya kai shi har majalisar dattawa, alhali Wayne ne ya yi harbin daga cikin duhu, ya kuma mutu matalauci babu wanda ya tuna da shi. To a rayuwa ta zahiri abin juye yake. Wanda fim ya nuna a matsayin mai cin sunan da bai yi wa gumi ba shi ne ya yi shawagi a cikin wutar bindigogin kakkaɓo jirage, wanda aka nuna a matsayin mugu shi ne ke ɗauke da tabon harsashi, wanda kuma aka nuna an danne masa haƙƙi shi ne duniya ta ba sunan gwarzon yaƙin da bai je ba. Tun ranar da na haɗa waɗannan bayanai ban sake kallon fim ɗin a matsayin labarin kaboyi kawai ba.

Ba ina cewa a zubar da Wayne ba ne, domin a aikinsa gwani ne, kuma wanda ya kalli The Searchers na 1956 ya san haka. Yana da wasu halaye na dattaku kuma. Ya tsani High Noon har ya kira shi fim ɗin da ya saɓa wa ɗabi'ar Amurka, shi da darakta Howard Hawks suka yi Rio Bravo a 1959 don mayar da martani, amma a 1953 da Gary Cooper ya ci Oscar saboda wannan fim ɗin kuma bai samu halarta ba, Wayne ne ya hau dandali ya karɓa masa. Abin da nake ƙi shi ne a bar allo ya rubuta mana tarihi.

Mutum ɗaya da sunan jarumi ya dace da shi ta fuska biyu shi ne Audie Murphy, kuma labarinsa ya fi na kowa ban tausayi. Ɗan talakawan manoman auduga ne daga Texas, gajere, mai fuskar yara, sai da yayarsa ta taimaka aka ƙara masa shekaru a takarda kafin soja su karɓe shi. A ranar 26 ga Janairu 1945, kusa da ƙauyen Holtzwihr a Faransa, yana da shekara 19, ya umarci mutanensa su ja da baya, ya haye kan motar yaƙi mai sulke da ke cin wuta, ya riƙe bindigar da ke kanta ya tare sojojin Jamus kusan awa guda shi kaɗai. Wannan ya ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka. Ɗan wasa James Cagney ya ga hotonsa a bangon mujallar Life ya gayyato shi Hollywood, inda ya yi finafinai sama da 40, akasarinsu na kaboyi, a 1955 kuma ya fito a matsayin kansa a To Hell and Back, fim ɗin da ya kawo wa kamfanin Universal kuɗi masu yawa. Abin da fim ɗin bai nuna ba shi ne mutumin da ke kwana da bindiga a ƙarƙashin matashi, mai firgita cikin barci, wanda ya kamu da jarabar ƙwayar sa barci har ya kulle kansa a ɗakin otal tsawon mako guda don ya yaye kansa. Yana cikin na farko da suka fito fili suka nemi gwamnati ta kula da taɓuwar tunanin tsofaffin sojoji. Ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1971 yana da shekara 45.

Sai dai mai wannan hira ya yi hattara, domin labarin da ya fi daɗin faɗa shi ya fi saurin ɗaukar ƙari. An daɗe ana yaɗa cewa a Iwo Jima aka harbi Marvin, alhali a lokacin da aka yi wannan gumurzu a 1945 yana jinyar raunin Saipan. Haka kuma labarin The Conqueror na 1956, inda Wayne ya fito a matsayin Genghis Khan, wanda aka ɗauka a jihar Utah a yankin da iska ke kwaso ƙurar gwajin makaman nukiliya daga Nevada. A 1980 mujallar People ta ƙirga cewa cikin mutum 220 da suka yi aikin, 91 sun kamu da ciwon daji, 46 sun mutu. Masu ba da labari suna tsayawa a nan su ce bam ne ya kashe Wayne, su manta cewa mutumin ya shekara da shekaru yana zuƙar kwalaye na sigari a kullum, har aka cire masa huhu ɗaya a 1964.

Waɗanda muke kira Indiyawan daji a sinima ma suna da nasu babin. Iron Eyes Cody, wanda ya shafe rayuwarsa da gashin tsuntsu a ka yana cewa shi ɗan asalin ƙasar Amurka ne, an haife shi a Louisiana ga iyaye 'yan Italiya da sunan Espera de Corti. A Cheyenne Autumn na 1964 kuwa 'yan ƙabilar Navajo aka ɗauka su fito a matsayin Cheyenne, suka riƙa yin ba'a da batsa da harshensu a gaban kyamara ba tare da darakta ya gane ba.

Inda abin ya taɓa mu kai tsaye shi ne Objective, Burma! na 1945. Errol Flynn, wanda soja suka ƙi ɗauka saboda rashin lafiya, ya jagoranci 'yan laimar Amurka a dajin Burma kamar su kaɗai suka yi yaƙin. Mutanen Ingila suka harzuƙa, aka janye fim ɗin daga sinimomin Landan bayan mako guda, bai dawo ba sai 1952. Hujjarsu ita ce Runduna ta 14 ta Janar William Slim ce ta ɗauki nauyin wannan yaƙi. Amma a cikin wannan runduna, ban da Turawan Ingila da Indiyawa da 'yan Gurkha, akwai Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, da dubban 'yan Najeriya da 'yan Gold Coast, wato Ghana ta yau, waɗanda suka keta kwarin Kaladan da yankin Arakan da kaya a ka, kuma Hausa ce harshen bariki ga da yawansu. Bataliyoyi uku na Najeriya sun shiga cikin mayaƙan Chindit, masu kutsawa bayan layin sojojin Japan, a 1944. Barikin Chindit da ke Zariya da na Kalapanzin da ke Kaduna daga can suka samo sunayensu. Turawan Ingila sun yi ƙorafi an ji su, kakanninmu kuwa babu wanda ya tambaye su ra'ayinsu a kan fim ɗin.

Daren da na kawo wannan magana majalisar ta yi tsit, abin da ba ta saba ba. Kawu ya miƙe ya shiga gida, ya ɗan jima, ya fito da wani tsohon gwangwanin alewa da ya yi tsatsa. A ciki akwai tauraro na tagulla mai tsini shida, rataye a ƙyalle mai jan tsakiya da shuɗin gefe da ratsin ruwan lemo, launukan duk sun koɗe. Ya ce na yayan mahaifinsa ne, wanda ya dawo daga Burma ya koma gonarsa, kuma har ya rasu ba ya iya kwana a ɗaki idan ana tsawa. Aka riƙa miƙa tauraron daga hannu zuwa hannu ana haska shi da tocila. Da ya zo hannuna, kawu ya ce, "Ajiye wayar tukuna, ka riƙe shi da hannu biyu."