Ba rigarsa ce ta dame ku ba

To, an gama? Kowa ya kwashi ladansa? Tun shekaranjiya ake yawo da hoton yaron nan daga waya zuwa waya. An zage shi, an zagi uwar da ta haife shi, an zagi unguwarsu, har na ga wani bawan Allah ya rantse cewa irinsu ne suka jawo mana tsadar rayuwa. Madalla. Tunda an gano mai laifi, sai mu jira buhun shinkafa ya sauko gobe da safe.

Wai laifinsa ya je wasan mawaƙa daren Asabar da baƙar jaket da ya jera wa ƙarafuna, da wando mai yaga a gwiwa, da takalmi irin na soja, ya kuma rina gefe guda na sumarsa. Ya biya kuɗin ƙofa, ya yi tsallensa, ya koma gida. Bai fizge wayar kowa ba, bai zaro wa kowa wuƙa ba, a garin da ƙwacen waya ya sa mutane ke tsoron fita bayan isha'i.

Zan faɗa, in kun ga dama ku haɗa da ni. Ba rigar ce ta dame ku ba, mai rigar kuka raina. Kun ji sunan unguwarsu, kun ji sana'ar ubansa, kun lissafa kun ga babu mai tsaya masa, shi ya sa bakin kowa ya buɗe.

In ƙarya nake, ku jira Disamba, lokacin da 'ya'yan manya za su dawo hutu daga Ingila da Dubai su cika wuraren wasa na Legas da Abuja. Ku duba abin da ke jikinsu. Wando ya fi nasa yagewa, sarƙa ta fi tasa kauri, gashi kala biyu kala uku. Kuma ku ɗin nan dai ku ne za ku bi hotunan kuna "Masha Allah, jinin girma", kuna "Allah ya ƙara ɗaukaka, ranka ya daɗe". Na ɗan Alhaji gayu ne, na ɗan mai facin taya lalacewa. Salon shiga da kiɗan nan ma da ake kira alte, wanda ya bunƙasa a Legas daga wajen 2016, da yawa cikin waɗanda suka fito da shi yara ne da suka yi makarantu masu tsada, wasu ma a Ingila. Da farko an yi musu dariya, an ce sun sa kayan kakanninsu. Da mujallun Turai suka fara buga hotunansu sai kowa ya gyara zama, ai fasaha ce. Ko zare ɗaya ba a canza a kayan ba.

Na san za a ce ai su ma 'ya'yan manyan ana yi musu magana. Ana yi mana, ta yini biyu, cikin ladabi, a rufe da "Allah ya shirya mana zuri'a". Amma wa ya taɓa ganin an tare ɗan kwamishina a titi, an zaunar da shi a benci, an yi masa askin dole da almakashi ana ɗaukar bidiyo ana shewa? Duk wanda kuka ga an yi wa haka, ko a ƙafa yake tafe ko daga A Daidaita Sahu aka sauko da shi. Mota mai baƙin gilashi babu mai leƙa sumar da ke cikinta.

Sai masu "ba al'adarmu ba ce". Haba malam. Wace al'adar? Ta mutanen da duk azumi yaransu ke liƙa gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su shafa baƙin tukunya su fita tashe, manya na ba su hatsi da kuɗi? Ko ta 'yan koroso da ke ɗaura kacau-kacau a ƙafa su sa kaya ja da ɗorawa? Ka taɓa tsayawa kusa da ɗan tauri ranar wasa ka ga abin da ya rataya a jikinsa, ko ɗan dambe da ya shigo fili da layu da kambuna har damtse? Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san kayan wasa daban, kayan zuwa kasuwa daban, na Juma'a daban. Wanda zai je filin kiɗa ba ya shiga irin ta zaman makoki.

In wannan ya yi muku nisa, ku buɗe akwatin Baba ku ɗauko hotunan shekarun 1970, zamanin FESTAC 77, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas. Ga suma an taje ta ta tashi kamar an kifa kwando, ga riga ta ɗame ƙirji, wando ƙafarsa na sharar ƙasa, takalmi mai tudu, tabarau ya rufe rabin fuska. A haka samarin Kaduna ke zuwa Costain Club kallon Bala Miller da makaɗansa. Wasu daga cikin samarin hotunan nan su ne dattawan sahun gaba a masallatanku yau, su kuke nema su karɓa muku aure. Wandon bai hana su zama mutane ba. Sai dai su ba a yi zamaninsu da waya mai kyamara a hannun kowane mara aikin yi ba.

Kuma wannan hali na barin jaki a daki taiki ba yau aka fara ba, ba kuma a nan kaɗai ba. 'Yan uwanmu na Nijar za su tuna. Alphadi, mai zanen tufafi ɗan Nijar, ya fara bikin nunin tufafi na FIMA a 1998 a cikin hamada kusa da Agadez. Da aka kawo shi Yamai a Nuwamban 2000, sai zanga-zangar adawa da bikin ta ɓarke, ta bazu har Maradi. A kan wa fushin ya sauka? Manyan baƙin da suka zo daga Paris jami'an tsaro na gadinsu, bikinsu ya gudana. A Maradi kuwa gidajen mata masu zaman kansu aka afka wa, da mashaya, da coci. Matan da ko sunan bikin wataƙila ba su taɓa ji ba su suka kwana a waje. Masu kayan da aka ce ana fushi da su sun hau jirgi sun koma gida lafiya. Kullum haka lissafin yake fita, mara gata ne ke biya.

Maganar addini kuma, don na ga an fara jawo ayoyi. Hukuncin kiɗa muhawara ce ta malamai, ta girme ni ta girme ku, ba a ƙarƙashin hoton wani yaro za a warware ta ba. In da gaske kishin addini ne, bismillah, a fara da dinar da aka yi makon jiya a babban ɗakin taro, inda aka ɗauko mawaƙi da miliyoyi, maza da mata a cakuɗe ana liƙi har ana taka kuɗi. Shiru kake ji. Kuma a wace makarantar aka koya muku cewa nasiha ita ce a zagi uwar mutum a gaban duniya? Wanda yake son yaro ya gyaru kiransa yake gefe. Wanda ya yaɗa hotonsa da alamar dariya nishaɗi yake nema, kawai ya samu wanda ba zai iya ramawa ba.

Bari in ajiye gatse in yi maganar da ke raina. Na san irin yaran nan, akwai su a gidanmu. Jaket ɗin da kuke wa dariya ba daga kanti ta fito haka ba. Sammako yaro zai yi ya je kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ranar da ake fasa dila, ya tsuguna yana tona gwanjo har ya samu wadda ta yi masa, ya yi ciniki kamar zai yi kuka. Ya wanke, ya shanya, ya bi kasuwa yana tsintar maɓallai da zif da 'yan ƙarafuna, ya je ya zauna a shagon tela yana nuna masa da yatsa, a rage nan, a buɗe nan, a bar wannan zaren yana lilo. Tela na tsaki yana dariya yana yi. Takalmin ma sai mai gyara ya sake masa ƙasa. Duk daga ɗan abin da ya samu a gyaran waya ko ɗinkin hula ko dakon kaya. Yaron da ke da wannan haƙurin da wannan idon, a wata ƙasar makarantar zanen tufafi za a tura shi. Mu nan mun tura masa tsinuwa.

Kuma me muka tanadar musu da za su yi da daren Asabar? Filin ƙwallon unguwa an yanka an yi shaguna. Gidajen silima na da sun zama tarihi. Ɗakin karatu in akwai shi ƙura ce a ciki. Yaro ya yi kwana shida yana aiki, ya ware dare ɗaya ya je inda ake kiɗa a fili, da fitila, da masu bincike a ƙofa, ya yi ihu ya huce. Ku rantse wannan ya fi zaman bayan kango hatsari, inda kowa ya san abin da ake sha. Ba ku son kangon, ba ku son filin wasan, ba ku kuma da aikin ba shi. Kuna so dai ya zauna a inda kuka ajiye shi, da kayan da kuka ga sun dace da ɗan talaka, kada ya kuskura ya ja ido.

Su ma mawaƙan ban ƙyale su ba, tunda an zo wurin. Mutum ya biya kuɗinsa don ya ga wasa, a rubuce ƙarfe bakwai, kai ba za ka hau dandamali ba sai sha ɗaya ta wuce, sannan DJ ya saki waƙarka daga kwamfuta kana bin ta da leɓe, kana "hannu sama, hannu sama". Wannan ai da a gida muka zauna muka kunna waya. A da, Shata da makaɗan kalangu da 'yan amshi yake tsayawa, yana ƙirƙirar baiti nan take da ya hango wani ya shigo. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa yake riƙe taro. Barmani Choge da matanta ƙwarya kawai suke bugawa wuri ya kacame. Ga Bombino na Agadez can da jita da rawaninsa har ya shiga takarar lambar yabon mawaƙa ta Grammy a 2019, kuma da hannunsa yake kaɗawa a gaban mutane. Ku waƙa uku kuna haki. Sannan don Allah masu shirya wasa, lasifikar da ke gefen hagu in ta mutu a canza ta, kuma ruwan leda da ake sayarwa a ciki ninki uku na kuɗin waje, wannan wane irin zalunci ne?