Mu daina auna Onarabul da yawan janazar da ya halarta

Jama'ar Aboabo, Sawaba, Akorem da Asawase a nan Kumasi ta Ghana, ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

Duk majalisar shayin da ka zauna, in aka ɗauko zancen ɗan majalisa, tambayoyin ba sa canzawa. Ya zo suna? Ya zo sadakar bakwai? Nawa ya ajiye? Zumunci abu ne mai kyau, amma ba don shi muka yi layi cikin rana muka dangwala ba.

Ku dubi tarihin Alhaji Muntaka Mubarak. A 2004 aka ƙirƙiro mazaɓar Asawase, Dakta Gibril ya ci kujerar, Allah bai ba shi tsawon kwana a kanta ba, Allah Ya gafarta masa. Muntaka ya shigo ta zaɓen cike gurbi a 2005. Ya yi karatu a jami'ar KNUST nan Kumasi. Ya riƙe ministan matasa da wasanni a 2009, ya sauka, kuma bai ɓace ba. Ya koma majalisa ya ci gaba da koyon aikinta har ya zama mai tsawatarwa na jam'iyyarsa, lokacin da take da rinjaye da lokacin da take adawa. Wa ya manta daren 7 ga Janairun 2021, da aka fizge ƙuri'un zaɓen kakakin majalisa, Muntaka ya bi wanda ya fizge su da gudu? A 2025 aka ba shi ma'aikatar harkokin cikin gida. Ko kana jam'iyyar NDC ko kana NPP, ka san ɗan zango bai kai nan da rabon goro a wajen biki ba. Karatu ne, da daɗewa a kujera, da sanin ƙa'idar zauren.

To gota fa? Ambaliyar da ke shiga ɗakunan mutane duk damina fa? A nan ne muke ɓata. 'Yan'uwanmu na Najeriya suna da majalisar dokoki a kowace jiha cikin 36. Mu kuwa yankunanmu 16 babu mai majalisar dokoki, majalisa ɗaya ce a Ankara (Accra), babban birninmu. Abin da ke kusa da mu shi ne asambili, wato majalisar ƙaramar hukuma, tamu kuwa ita ce ta Asokore Mampong. Shara, kasuwa, bayan gida, ƙananan magudanan ruwa, duk a teburinta suke. Kundin tsarin mulki ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa domin asambiloli, kuma abin da ke bi ta hannun ɗan majalisa ɗan yanki ne kawai daga ciki.

Amma ranar zaɓen asambiliman, wato wakilin unguwa a asambili, sai ka ga rumfar zaɓe fayau. Wannan yana ƙona min rai ƙwarai. Yaranmu masu digiri suna raina kujerar saboda babu albashi sai alawus, kowa na jiran ya wayi gari Onarabul.

Samarinmu, ku fito ku nemi asambili. Ku koyi karanta kasafin kuɗi, ku san yadda ake ba da kwangila. Iyayenmu malamai da sarakunan zango, don Allah in ɗan majalisa ya zo gaisuwa ku tambaye shi wace doka ya tsaya wa, me ya faɗa a kwamiti, kuma ina aka kwana kan Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017.