Tauraro ɗaya daga wanda bai kalli fim ba

Har yau akwai masu ɗauko hoton makin IMDb, shafin intanet da masu kallo ke ba fina-finai maki daga ɗaya zuwa goma, su manna a tsakiyar muhawara kan fim, wai shi ke nan magana ta ƙare. Abin na ci mini tuwo a ƙwarya, musamman in fim ɗin ya taɓo addini, ƙabila ko tarihin da ake rigima a kansa.

Mu masu kallon fina-finan Indiya ai mun gani da idonmu. A 2022 makin The Kashmir Files ya kusa cika goma, sai da IMDb ta sanar cewa ta hango ƙuri'un da ba ta yarda da su ba, ta sauya lissafi, makin ya sauko. Daraktan, Vivek Agnihotri, ya fito yana ƙorafi. A shekarar dai, tun kafin Laal Singh Chaddha ya fito aka fara gangamin ƙaurace masa, saboda maganar da jarumin fim ɗin, Aamir Khan, ya yi a 2015 kan ƙaruwar rashin haƙuri da juna a Indiya. Gunday kuwa, a 2014 'yan Bangladesh suka yi masa rubdugu kan yadda ya kawo labarin yaƙin neman 'yancin ƙasarsu na 1971, har ya koma ƙasan jerin fina-finan shafin. Waƙoƙinsa suka tsana? Ko wasan jaruminsa Ranveer Singh?

Mafi muni shi ne The Promise, fim kan kisan kiyashin Armeniyawa. Sau uku kacal aka haska shi a bikin fina-finai na Toronto a 2016, amma dubun dubatar mutane sun riga sun ba shi tauraro ɗaya. Wane zauren silima ne ya ɗauke su?

Masu cewa yawan jama'a kan gyara kuskure su bar mu haka. Ba mai tambayarka tikiti kafin ka danna, kuma rundunar da aka turo ba ta zo kallo ba.

Rotten Tomatoes, wani shafin ba fina-finai maki, ta ɗan farka a 2019 bayan an yi wa fim ɗin Captain Marvel irin wannan rubdugun, ta fara ware ƙuri'un waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Sauran ma su bi sahu. Kafin nan, mai karatu ya buɗe jadawalin ƙuri'un ya duba: in maki goma da maki ɗaya ne suka tsaya ƙiƙam, tsakiya fayau, to faɗa ake yi a wurin.